Maƙerin tsohuwar bindiga: abin da yake gyarawa da abin da yake gogewa

Daga faɗuwar ruwan farko har zuwa yankan dawa, maƙerin ƙasar Funtuwa da Malumfashi ba shi da lokacin bindiga. Garma ce, fartanya ce, lauje da magirbi, sai bakin garmar shanu da ya cinye a gonakin Bakori da Ɗanja da Kafur. Sai an kai amfani gida, an ɗinke buhunan masara da waken suya, auduga ta tafi gidan gurza, sannan mafarauta ke fara sauko da abin da ya yi damina a rataye a bango.

Ba kowane maƙeri ke taɓa bindiga ba. Cikin maƙeran baƙi ɗaiɗaiku ne suka gaji wannan hannu, kuma ba su da allon talla. Mai bindigar baushe ya san gidan, kamar yadda ubansa ya sani. Yakan zo da ita naɗe cikin buhu, ya durƙusa ya gaida, ya ce, "Baba, ga ta nan, ta ƙi tashi tun bara." Tambayar farko da tsohon zai yi ba ta shekarunta ba ce, ba kuma ta inda aka samo ta ba. "Da ciki ko babu?" Bindigar ɗuri ta baki takan shekara da albarushi a cikinta mai ita ya manta, ga shi maƙera wurin wuta ne. Sai ya zura siririn ƙarfen ɗurin ya auna zurfi, ya tabbatar, kafin ya bari a matso da ita kusa da zugazugi. Daga nan ya ƙwanƙwasa bututun da ƙaramar masaba yana kasa kunne, don ƙarfen da ya tsage ba ya amsawa garau. Ya ja kunama ya ji ko da sauran ƙarfi.

Abin da ya rage aikin hannu ne da haƙuri. A kankare tsatsa, a goge da baƙin mai, a sassaƙa sabuwar ƙota in gara ta ci tsohuwar, a ɗaure inda ya yi sako-sako da waya ko ɗanyar fata. Mai ita kuma ya ƙara nasa: laya a ɗinke jikin ƙota, jan zare, ƙusoshin tagulla. Idan an gama za a fita bayan gari a gwada. Ta tashi, an yi aiki. Ba ta tashi ba, ko wane sarki ne ya taɓa riƙe ta, ƙarfe ce kawai.

Galibin bindigogin toka da ke hannun mutane yau ƙirar gida ce, ba su girmi masu su ba. Amma jefi-jefi, musamman daga gidajen sarauta da na mafarautan gado, akan kawo wadda idan an kankare tsatsar gefen kunamarta sai hoton kambi ya bayyana da rubutun TOWER, ko kuma haruffa uku, ELG, cikin zobe a gindin bututu. Na farko alamar ƙirar Ingila ce, wadda maƙeran Birmingham suka yi ta bugawa a kan bindigogin fatauci. Na biyu hatimin gwaji ne na birnin Liège a Beljiyam. Waɗannan garuruwa biyu su suka cika gaɓar tekun Afirka ta Yamma da bindiga mai ƙanƙara, fatake suka hauro da ita ta ƙasar Nufe da ta Yarbawa, wasu kuma suka ƙetaro Sahara daga Tarabulus. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, wajen 1731 zuwa 1743, aka fara shigo da bindigogi, kuma Babba Zaki ne ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. A Damagaram, Sarki Tanimu ya kai ga sa a zuba masa igwa a cikin birninsa.

Dalilin da ya sa wannan tsohon samfuri ya daɗe a hannunmu ba ƙauna ba ce. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels cewa kada a sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigar zamani, sai dai mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Shekara 13 bayan haka sojan Turawa na Lugga suka tsaya a bakin ganuwar Kano da igwa da bindigar Maxim. Bindigar da aka bar mana ita maƙeranmu suka koyi kwancewa da ɗaurawa, har suka iya ƙera ta.

A Turai da Amurka kuwa, tsohuwar bindiga ta zama kayan gwanjo. A watan Yulin 2024, a garin Fontainebleau na Faransa, an sayar da ƙananan bindigogi biyu na Napoleon a kan Yuro miliyan 1.69. A 2022 kamfanin gwanjo na Rock Island a Amurka ya sayar da wasu biyu ƙirar Remington, mallakar Janar Ulysses Grant, a kan dala miliyan 5.17. Shekara guda kafin nan, Bonhams ya kaɗa ƙararrawa a kan sama da dala miliyan 6 saboda bindigar Colt da Pat Garrett ya harbe ɗan fashin nan Billy the Kid da ita a 1881. Babu wanda ya sayi ɗaya daga cikinsu don ya harba. Ita kuwa Lee-Enfield, wadda kakanninmu suka saɓa a yaƙin Bama, 'yan sanda kuma suka daɗe suna rataye da ita, an ƙera miliyoyinta, don haka gama-garinta ɗaruruwan daloli ne. Ashe tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi.

Abin da mai tara kayan tarihi ke biya uku ne a dunƙule: wa ya riƙe ta, da wace takarda za a tabbatar, sannan ko hannu ya taɓa ta bayan fitowarta daga masana'anta. Yana son lambar da ke jikin bututu ta yi daidai da ta sauran sassa. Yana son ƙotar asali ko da ta tsage. Dusashewar launin ƙarfe, wadda maƙerinmu ke gani a matsayin ƙazanta, shi a wurinsa shaida ce, kuma bindigar da aka goge ta yi ƙyalli darajarta faɗuwa take yi warwas. Wato duk abin da tsohon maƙeri ke yi don ta rayu, shi ne abin da ke kashe ta a idon ɗan gwanjo. Ban ga laifin maƙerin ba ko kaɗan. Ba don shi ba da babu ko ɗaya da ta kai yau, domin a nan abin da ba ya aiki ba a ba shi wurin ajiya. Sai dai baushen da ta shekara ɗari tana zuwa maƙera, an canza mata ƙota sau da yawa, an cire ƙanƙara an sa irin kunamar zamani, ta koma kamar rigar gado da aka yi wa faci har ba a gane yadin farko.

Takarda kuwa ba mu da ita. Tarihin bindigar yana bakin tsohon da zai ce maka kakansa ya karɓe ta daga hannun wane, a yaƙin kaza. Ranar da ya kwanta dama, ta zama baushe kamar kowace.

Ko da an samu mai asali, ba a fili ake cinikinta ba. Dokar kayan tarihi ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje babu izini. Ba mu kaɗai ke yin haka ba: gab da gwanjon bindigogin Napoleon gwamnatin Faransa ta ayyana su dukiyar ƙasa, ta hana a fita da su. Ga kuma dokar makamai ta 1959, wadda ta ba 'yan sanda ikon hana riƙe ko bindigar ɗuri ta baki sai da lasin, ƙira da gyara ma sai da izini.

A da wannan doka ba ta cika damun maƙerin ƙauye ba. Sarkin Maƙera ya san shi, Sarkin Baka ya san masu kawo masa aiki, mai unguwa ya san kowa. Bindigar ta gwada ce da zomo, da korar biri daga gona, sai ranar Sallah da 'yan bindiga ke cika ta da albarushi zalla su saki a sama gaban hakimi, dawaki na zabura, yara na toshe kunne. Abin ya sauya tun da 'yan bindigar daji suka addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume, suka kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020. Manomi ya sauko da baushen kakansa don tsaron gida, yana fuskantar mai AK-47 da bindigar da sai an sake ɗura ta bayan kowane harbi, ba banza ake ce mata harba-ka-ruga ba. Gwamnatin jihar Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, amma maƙeri bai fita daga tsaka mai wuya ba. In ya gyara wa ɗan sa-kai, na daji ya ji labari. In jami'an tsaro suka tarar da bututu uku a rumfarsa, sai ya yi bayani mai tsawo, wataƙila a caji ofis.

Shi ya sa 'ya'yan gidan da yawa suka fi son walda. Ƙofa da taga da baro suna kawo kuɗi rani da damina, babu mai tambayarka wa ka yi wa. Tsofaffin sassan da iyayensu suka cire suka tara a kusurwar maƙera, har da masu kambi a jiki, 'yan gwangwan ne ke zuwa su ɗora a sikeli su biya kuɗin kilo.