A Ɗauki Magana, A Bar Sunan Mai Ita

Duk wanda ya taɓa zama a mitin ya san yadda a kan yi. Mutum yana da magana a cikinsa, amma in ya tuna gobe za a ce wane ne ya faɗa, sai ya haɗiye abarsa, don baki shi ke yanka wuya. Har a tashi ba a ji abin da ya kamata a ji ba.

Akwai wata ƙungiya a birnin London, a Ingila, wadda ta nemi maganin wannan. An kafa ta cikin 1920, bayan Yaƙin Duniya na Farko, don binciken al'amuran da ke tsakanin ƙasashe. Ana ce da ita Chatham House, watau sunan gidan da ta ke ciki. Cikin 1927 ta shimfiɗa wata ƙa'ida domin taron 'yan ƙungiya, aka kuma gyara ta cikin 1992 da 2002.

Ga abin da ƙa'idar ta ƙunsa. In an yi taro a ƙarƙashinta, kowa yana da izinin ya yi amfani da abin da ya ji, har ya gaya wa waɗansu. Amma ba shi da ikon ya ambaci sunan wanda ya yi maganar, ko wurin aikinsa, ko sunan wani da ya halarta. Saboda haka minista ya iya faɗin ra'ayin kansa ba a ce bakin gwamnati ne ba, ƙaramin ma'aikaci kuma ya nuna inda aka yi kuskure ba da tsoron a kai shi gaba ba.

Kada a zaci kowane taro na gidan haka ya ke. Da yawa a fili a ke yi, kamar jawabin da Janar Muhammadu Buhari ya yi can cikin Fabrairu 2015, wanda jaridu suka buga da sunansa.

To, abin lura shi ne ba doka ce ta ƙasa ba, ba alƙalin da zai ɗaure wanda ya karya ta. Iyakacin horonsa a daina gayyatarsa. Ashe ƙarfinta duk amana ce. Ran da mutum guda ya fita ya tona suna, ran nan sauran za su kama bakinsu, a koma gidan jiya.