Siririyar Lasifika, Kakkauran Sauti

Idan Bahaushe zai siffanta murya, da awon jiki yake siffanta ta: ta wane siririya ce, ta wane kuwa tana da kauri. Na daɗe ina kawo wa ɗalibaina wannan misali a darasin ilimin furuci, amma ban san zurfin hikimarsa ba sai ranar da tukunyar gas ta kori akwatin lasifika daga but ɗin motata. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, na bi sahun waɗanda suka mayar da motocinsu masu amfani da gas. Tukunyar ta cinye fiye da rabin but ɗin, ala tilas na yi bankwana da tsohuwar ufa, wato lasifikar nan mai fitar da kakkauran amo. Daga ranar, duk waƙar da na sa a hanyar Kano zuwa Zariya sai in ji ta lami, tamkar miya ba daddawa.

Da na kai kuka wurin wani mai wayarin a kasuwar kayan mota, sai ya ɗauko wata faffaɗar aba kamar faifai ya ce, "Malam, ga maganin matsalarka, ƙarƙashin kujera take shiga." Abin da na koya daga nan shi nake so in raba da mai karatu, domin ina kyautata zaton ba ni kaɗai ƙuncin wuri ya dama ba. Masu ƙananan motoci da masu a-kori-kura irin su Hilux sun riga ni sanin wannan matsala.

Sauti dai girgizar iska ce. Lafiyayyen kunnen matashi yana jin girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan guda, kuma gwargwadon ƙarancin girgizar gwargwadon kaurin sautin. Muryar namiji baligi tana kai-kawo ne tsakanin 85 da 180, kuma hawa da saukar wannan adadi shi muke kira karin sauti, wanda ke raba "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Aikin ufa yana ƙasa da nan, galibi daga 80 zuwa ƙasa, inda rugugin tambari yake, inda ƙirji ke riga kunne ji.

To, kakkauran sauti yana da tsada, kuma da iska ake biyansa. Duk lokacin da aka rage girgiza da rabi, sai lasifika ta tura ninki huɗu na iskar da take turawa kafin ƙarfin sautin ya tsaya yadda yake. Hanya biyu ce kawai gare ta: ko dai faɗin fuska, ko nisan kai-kawon fuskar. Shi ya sa lasifikar ƙofa mai inci 6.5 ke gazawa, kuma shi ya sa ufar gargajiya mai inci 10 kan kai zurfin inci 5 ko 6, da ƙaton maganaɗisu a bayanta.

Masu ƙera siririyar ufa sun sake wa kayan cikinta zama ne. Sun baje fuskar ta zama kusan shimfiɗaɗɗiya, sun ƙara mata tauri don kada ta lanƙwashe, sun cusa maganaɗisun cikin jikinta maimakon ya yi tozo a baya, wasu ma kan yi amfani da maganaɗisun niyodimiyam mai ƙaramin jiki da ƙarfin ja. Da haka mai inci 10 ta dawo zurfin inci 3 zuwa 3.5, tana zama cikin rufaffen akwati na lita 15 zuwa 20. Kamfanoni irin su Pioneer da Kicker da Rockford Fosgate da JL Audio duk suna yin ta. Akwai kuma mai inci 8 da ke zuwa haɗe da amfilifayarta a akwati guda, irin wadda aka nuna mini.

Sai dai ba a cin biri a bar wutsiya. Akwai ƙa'idar da ake dangantawa da Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa kamfanin KLH a Amurka a 1957. Abubuwa uku ne kowa ke so: sauti mai matuƙar kauri, da ƙaramin akwati, da ƙarancin cin wuta. Biyu kaɗai ake samu a lokaci guda. Wanda ya zaɓi ƙaramin akwati, ko dai ya haƙura da mafi kaurin amo, ko ya ƙara wuta. Saboda haka duk mai sayarwar da ya rantse maka siririya za ta yi daidai da ƙatuwar da ke cike but, ciniki yake nema. Abin da ke rufa mata asiri shi ne motar kanta. Tsawon zangon sauti mai girgiza 40 ya haura mita 8, ya fi ɗakin motar nesa ba kusa ba, don haka idan an rufe gilasai ɗakin kan ƙara wa irin wannan sauti ƙarfi a kyauta.

Ga mai niyyar saye, shawarata ta farko ita ce ya riƙi abin awo kafin ya riƙi kuɗi. A auna tsawo da faɗi da zurfin wurin, a tura kujera gaba da baya, a lura da bututun iska da wayoyin da ke ƙarƙashinta, a kuma bar sararin da fuskar za ta motsa. Ta biyu, kada manyan lambobin jikin kwali su ruɗe shi. Adadin wat da aka rubuta RMS a gefensa shi ne ƙarfin da take ɗauka a kai a kai, kuma da shi ake daidaita ta da amfilifaya. Ta uku, a sa wayar jan ƙarfe ta gaske, a ɗaura fis kusa da batir, tazarar da ba ta wuce santimita 45 ba. Mai tukunyar gas kuma ya tsaya a kan mai aikin da kansa, kada a huda ko a ja waya kusa da bututun gas. A nan maganar ta wuce ta nishaɗi, ta zama ta rai.

Da aka gama ɗaura tawa, abin da ya ba ni mamaki ba rugugi ba ne. Tun da aka sauke wa lasifikokin ƙofa nauyin da ya fi ƙarfinsu, sai murya ta washe. Na sa Mamman Shata, na ji kalangu ya koma mazauninsa, kowace gaɓa ta fito da karinta, ba tare da na murɗa ƙara ba. A ganina wannan shi ne amfanin ufa na haƙiƙa: cika sauti, ba cika unguwa ba.

Dole in faɗi haka, domin kowa ya san matasan da ke ratsa layi gilasan gidaje na karkarwa, ba ruwansu da mara lafiya ko masallaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma idan ya kai 90 sai lokacin ya dawo awa 4 kacal. Ƙwayoyin ji na cikin kunne kuwa idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Ga mai magana da harshe irin namu, wanda ma'ana ke rataye a kan karin sauti da tsawon wasali, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Lasifika in ta ƙone ana samun wata a kasuwa, kunne kuwa ba a sayar da shi. Allah Ya sa mu gane.