Furen ɗorawa da sallahun dangi

Paraku da Jugu manyan garuruwa ne a arewacin ƙasar Benin. Tsakaninsu akwai wajen kilomita 135. A zamanin da, fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro sukan yada zango a garuruwan nan biyu. Wasu suka zauna, suka yi aure, suka haifu. Shi ya sa yau za a ga gida ɗaya ya rabu biyu: yaya tana Jugu, ƙanwa tana unguwar Zongo a Paraku.

A bayan gidaje da yawa akwai ƴar garka. A ciki akan shuka kuɓewa da yakuwa da barkono, a kafa zogale a jikin danga. Waɗannan sai an shuka su, an ba su ruwa, an tsare su daga awaki. Mace mai lura takan bar kuɓewa mafi kyau ta bushe a jikin uwarta, ta ɓare ta, ta ajiye iri a busasshen wuri har damina ta dawo.

Ita kuwa ɗorawa, wadda ake kira néré da Faransanci, yawanci ba shuka ta ake yi ba. Da kanta take fitowa. Manomi in yana sharar gona ya tarar da ita, sai ya bar ta. Wajen watan Fabrairu, lokacin da daji ya bushe ƙurmus, sai ta yi fure. Furen ja ne, dunƙulalle, yana reto a ƙarshen dogon sili kamar tuntun hula. Da dare jemagu sukan zo shan zaƙinsa, da safe kuma ƙudan zuma su zo. Garin furen yana manne musu a jiki, su kai shi ga wani fure. Ta haka itacen yake samun ƴaƴa. Ashe jemagen da yara suke jifa aiki yake yi wa mai daddawa!

Bayan kamar wata biyu ƴaƴan sun nuna. A ciki akwai gari rawaya mai zaƙi, da baƙin iri da ake ce wa kalwa. Mata sukan dafa kalwa, su wanke, su rufe ta kwana biyu ko uku, ta zama daddawar miya. Amma in wutar daji ta kama itacen yana cikin fure, kalwar shekarar nan ta tafi. In an sare shi don gawayi, sabon da zai maye gurbinsa sai ya yi shekaru kafin ya haihu.

Saboda haka, idan dangin garuruwan nan biyu suna gaisawa, bayan an tambayi yara da mai jego, akan tambayi ɗorawa: «Bana ta yi fure sosai?» Amsar ita ce za ta nuna ko daddawa za ta yi tsada.

Yanzu labarin haihuwa ko na rashin lafiya ta wayar salula yake zuwa nan take. Iri kuwa ba ya bin waya. Sai an ƙulle shi a tsumma, an ba mai tafiya sallahu a tashar mota. Daga Jugu a aiko da kalwa da man kaɗanya, daga Paraku a mayar da irin yakuwa da goron suna. Wanda ya kai sallahun ba ya tashi sai ya faɗi yadda ya baro kowa a gida.