Tsohuwar bindigar soja ba ta son albarushin zamani

Wasu mahalba sun gaji bindiga wurin iyayensu. Cikinsu akwai mai suna Gras, ta sojan Faransa, wadda aka fara ƙerawa a 1874. Da soja suka daina aiki da ita, sai aka gyara ta don farauta.

Harsashinta yana da wuyar samu. Shi ya sa mahalbi yakan ajiye kwanson da ya halba, ya sake cika shi da hannu.

Nan haɗarin yake. An ƙera Gras don baƙin albarushi, mai yawan hayaƙi. Albarushi marar hayaƙi sai a 1884 aka gano shi, kuma ya fi baƙin ƙarfi nesa ba kusa ba. Wanda ya fasa harsashin zamani ya juye albarushinsa cikin tsohon kwanso, bindiga tana iya fashewa a hannunsa. Yatsu su tafi, wani lokaci har da ido.

Kwanso ma yana gajiya. In ya tsage ko ya kumbura, a yar da shi. Baƙin albarushi kuwa yana barin dauɗa mai jawo tsatsa. Ranar da aka yi halbi, a wanke cikin bindiga da ruwan zafi, a busar, a shafa mai.