Oba-oba a hannun 'yan sintirin Tamale: abin da gwaji ya nuna min

Duk wanda ya taɓa fita daren Bugum a Tamale, wato bikin wutar Dagombawa na daren 9 ga Muharram, ya san yadda yaro ke ɓacewa cikin taro kamar ƙiftawar ido. Bara ɗalibina ya ɓace mana kusan awa biyu. Muna ta kiran juna, waya ba ta shiga. Shi ya sa kwamitin sintirin unguwarmu ya sayo oba-oba guda huɗu masu araha, aka ce: "Malam, kai ne mai boko, gwada mana."

A jikin kwalin an rubuta tana kai kilomita 10. To, ba haka na gani ba. A fili murya tana fita garau, amma da na shiga kasuwar Aboabo, tsakanin rumfunan kwano da gine-ginen siminti, sai shuuu kawai. Ƙarfin irin waɗannan wat 5 ne, kuma saƙonsu a miƙe yake tafiya, bango da ƙarfe suna tare shi. Da na hau benen makaranta, nan take nisan ya ƙaru.

Batirin ya kai mu daga Magariba zuwa Asuba, amma fa sai da muka rage surutu, domin magana ta fi sauraro cin wuta. Ga dumsor, dole a tanadi na biyu. Ƙurar hunturu da ruwan Agusta kuwa, sai mai lambar IP67 ce ke jure musu. Tamu ba ta da ita.

Abu biyu suka fi damuna. Na farko, duk mai irinta zai iya jin maganarmu, har ɓarawo. Na biyu, ba ta haɗa mu da 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana. Wannan sai an kira 112. Sannan hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ita ke ba da izinin amfani da zangon rediyo, kada mutum ya faɗa layin jami'an tsaro ya jawo wa kansa.

Amfaninta dai a bayyane yake: danna ɗaya, kowa ya ji, ba kati, ba netwok. Na ce wa kwamiti mu riƙe su, mu ajiye mutum ɗaya a saman bene da oba-oba da waya, mu kuma nemi izini kafin Bugum mai zuwa. Allah Ya tsare mana yaranmu.