Salsala Takan Tsallake Suna

A tsofaffin unguwannin Kano irin su Soron Ɗinki, mai neman tarihin kakansa yakan fara da salsalar gidansu, wane ɗan wane. Sai dai Bahaushe yakan kira jika ɗa, saboda haka ƙirga sunaye ba ya ba mu yawan shekaru.

Haka salsalar Yesu take a Matiyu. A 1:8 ya tashi daga Yoram sai Uzziya, wato Azariya, ya tsallake Ahaziya da Yowash da Amaziya, waɗanda muke samu a 1 Tarihi 3:11-12. Ya jera tsara 14 ne sau uku. Idan ɗan ikkilisiya ya ce kuskure ne, mu buɗe masa wuraren biyu, mu tambaye shi yadda ake jera kakannin gidansu.