Daga Jif Zuwa Landiroba: Tarihin Motar da Ba Ta Tsoron Laka

Duk wanda ya taɓa zama a unguwannin Hausawa na Fatakwal ko Anaca ko Inugu ya san cewa damina a can ba irin tamu ba ce. Ruwa kan ɗauki wata bakwai ko fiye yana zuba, hanyar da ba kwalta kuwa sai ta koma taɓo. A irin wannan ƙasa ce Landiroba ta yi suna, domin ƙafafunta huɗu duka suna ja. Motar gida ƙafa biyu kawai inji ke juyawa, da zarar sun faɗa laka sai su yi ta walwale a banza. Ita kuwa wannan, idan na baya sun kafe, na gaba sai su fisgo ta.

Uwar Landiroba ita ce Jif. A shekarar 1940 sojan Amurka suka nemi a ƙera musu ƙaramar mota mai shiga ko'ina, suka ba da wa'adin kwana 49 kacal. Wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Bantam ya cika wa'adin, amma da aka zo ƙera ta da yawa sai aikin ya koma hannun Willys da Ford, waɗanda suka fitar da kimanin 640,000 kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945. Kakanninmu da aka kai yaƙin Bama sun san ta hannu da hannu, don kuwa sojan Afirka ta Yamma na Runduna ta 81 ne suka sare daji suka yi mata hanya zuwa kwarin Kaladan, tsakanin ƙarshen 1943 da farkon 1944.

Bayan yaƙi, wani injiniyan kamfanin Rover na Ingila, Maurice Wilks, yana aiki da tsohuwar Jif a gonarsa ta tsibirin Anglesey. Shi ne a 1947 ya kawo shawarar su ƙera tasu. Ƙarfe ya yi wuya a Ingila a lokacin, amma alminiyam da aka tanada don jiragen yaƙi ya rage jingim, saboda haka da shi aka yi jikinta. Wannan rashi ya zame mata alheri, domin alminiyam ba ya tsatsa, abin da ke cinye motoci a gari mai laima irin Fatakwal. An fara nuna ta a Amstadam ran 30 ga Afrilu, 1948. Manoma aka yi wa ita, amma gwamnatoci ma suka yi ta saye.

A Nijeriya ma haka abin ya kasance. Bahaushen da ya sauka Kudu da shanu ko albasa ko wake, jirgin ƙasa da manyan motoci ne abin safararsa, musamman bayan da aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Landiroba kuwa motar hukuma ce, wato ta Di'o da 'yan sanda da soja da malaman dabbobi. Ba a murna da ganinta ta tsaya a ƙofar gida. A zamanin da Malam Umaru Altine, ɗan fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, yake Magajin Garin Inugu, ita ce motar rangadin ma'aikata a ƙauyukan Jihar Gabas. Da rikicin 1966 ya watse da zangunan Hausawa, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970, ɓangarorin biyu duk sun yi yaƙi da ita. Inugu ta faɗa hannun sojan tarayya a Oktoba 1967, Anaca a Maris 1968, Fatakwal kuma a Mayu na wannan shekara.

Daga baya kamfanin Leyland ya riƙa harhaɗa ta a Ibadan, kafin motocin Jafan irin su Land Cruiser su ƙwace mata kasuwa. A Janairu 2016 aka daina ƙera tsohon samfurin a Ingila, bayan an fitar da fiye da miliyan biyu.

Ga ɗalibin harshe, sunayen nan biyu kansu abin dubawa ne. A Land Rover baƙaƙe uku ne suka haɗu a tsakiya, abin da Hausa ba ta yarda da shi ba, sai aka saƙala wasalin /i/. Baƙin /v/ da ba mu da shi ya koma /b/, ƙarshen kalmar ya zama /a/, aka sami Landiroba. A Jeep kuwa /p/ ce ta koma /f/, kamar yadda aka yi wa Fijo. Dukkansu jinsin tamata suka ɗauka, saboda mota tamata ce, ko da yake jif ba ta ƙare da /a/ ba. Wani abin sha'awa kuma, Landiroba ta tsaya a kan motarta ita kaɗai, alhali jif ta yaɗu ta zama sunan duk wata doguwar mota ta masu hali. A yau za ka ji an ce Alhaji ya sayi jif, ka leƙa ka tarar Toyota ce, kuma ƙila ƙafarta ba ta taɓa sauka daga kwalta ba.